Inuwar Ɗakina a Kan Rufin Baba

Ku matso kusa, masu karatu, yau ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa. Da babban yatsa ɗaya nake buga muku wannan, ɗayan hannun yana riƙe da kofin shayin da ya huce ban ko kurɓa ba. Wanda bai san ni ba, ni ce autar gidanmu da ake ce wa Injiniya, rabi yabo rabi tsokana, saboda a shagon kayan sola nake aiki, kuma ina hawa rufin mutane da tsani "kamar ba 'ya mace ba," in ji Gwaggo.

Babana mai fentin mota ne, ko in ce ya yi. Shekara da shekaru yana fesa wa motocin mutane launi, shi kuma fentin yana sauka a huhunsa. Bara likita ya ce sai an haɗa shi da na'urar nan mai tace iska, tana tura masa ta siririn tiyo a hanci. Ita kuwa na'urar ba ta san uzuri ba, wuta take so dare da rana. Wutar layinmu kun san halinta, baƙuwa ce, ta leƙo ta ce sannunku ta wuce. Janareta kuma ko na maƙwabta aka tayar, sai Baba ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. Shi ya sa na hau rufinmu ni da abokan aikina muka jera farantan sola, muka ajiye batir da inbata, akwatin da ke juya wutar zuwa ta gida, a lungun falo. Tun ranar na'urar Baba ba ta ƙara kukan neman wuta ba. In kuna neman abin da nake alfahari da shi a duniya, to wannan ne, ba kwalin makaranta ba.

Ta gabas wani tsohon bene ya riga ya cinye mana ranar safe, don haka a ɓangaren yamma na rufin na jera farantan, inda fili yake fetal, sai ciyawa da awakin unguwa. A wannan filin ne aka wayi gari an sauke yashi da bulo.

Wayyo, mai ginin nan ya sha baki! Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, amma babu safiyar da ba na aika masa nasa. Ƙura a kan shanya, ƙura a kan farantaina, ga kwaram-kwaram tun kafin mutum ya wanke ido. Kuma wa nake kai wa ƙara? Mai Tayil mana. Mai Tayil shi ne wanda manyansa suka zo gidanmu, magana ta yi nisa. A shagonmu muka haɗu, ya zo sayen ƙwan fitila ɗaya, ya yi ta dawowa yana saye har na tambaye shi ko cin su yake yi.

Na tuna wani saƙo da na tura masa: "Wallahi mai ginin nan ba shi da tausayi. Ƙura har cikin tukunya."

Ya ce: "Ki yi masa uzuri, wataƙila amarya yake wa sauri."

"Amaryar ma Allah ya ba ta haƙuri, ta haɗu da mara kan gado."

"Amin."

Ku riƙe dariyarku, za ku buƙace ta.

Da ginin yake ƙasa ban damu da komai ba sai ƙurar. Amma aka zuba dekin, bulo ya fara hawa sama. Ranar Talata bayan la'asar na sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, na ɗaure mayafina ta baya, na hau da bokiti da tsumma zan wanke faranti. Ina kaiwa sama na tsaya cak. Inuwar sabuwar katangar ta miƙo ta kwanta a kan farantin ƙarshe, ta rufe rabinsa.

Za ku ce rabin faranti ɗaya ne kawai. Farantan nan a layi ɗaya suke, wuta tana bi ta cikin kowanne, in ɗaya ya shiga inuwa sai ya ja sauran baya. Na sauko ban wanke komai ba, na durƙusa gaban inbata. Lambar da na saba gani a wannan lokacin ta zube. Rana ta faɗi batir bai cika ba. Na zare firij, na kashe fankar ɗakinmu, na ce da Umma gyara nake. Duk da haka da asuba na'urar Baba ta yi ƙarar da ta daina yi tun bara. Ga shi katangar ko taga ba ta gama kaiwa ba. In ta kai inda za ta, aka ɗora mata rufi, tun azahar za mu shiga duhu.

Babu dabarar da ban juya ba a wurin aiki. Na zana ƙarfen da zai ɗaga farantan sama, Oga ya duba ya ce bangonmu tsoho ne, iskar damina ɗaya za ta kwashe ƙarfen da rufin gaba ɗaya. Na yi tunanin ƙara batir, amma batir randa ce, ba ta haifar da ruwa, sai abin da aka zuba mata.

Na dawo gida da yamma ko jaka ban ajiye ba. Umma da Gwaggo, ƙanwar Baba, suna falo sun baje yadudduka a kan kafet suna gardamar wanda zai dace da labule.

"Umma, zan je in ga mai ginin nan."

Umma ta ɗago da sauri. "Wane mai gini?"

"Na bayanmu mana. Inuwarsa ta hau kan sola. In bai tsaya ba batir ba zai ƙara cika ba."

Suka kalli juna. Irin kallon nan na mutanen da suka ci abu suka goge baki.

"Ke dai ba kya rabo da neman magana," in ji Gwaggo. "Mutum da filinsa? Rana ta ubanki ce?"

"Ta ubana ce, Gwaggo. Da ita yake numfashi."

"Kul! Ji bakinta. Zauna ki zaɓi labule."

"Ba zan zauna ba. Ko waye shi sai na gaya masa. In kunne ne ba shi da shi, har hukuma zan kai."

Na juya zan fita, Umma ta riƙo gefen abayata. Gwaggo ta jefar da yadin da ke hannunta.

"To je ki! Je ki ki kai mijinki ƙara, duniya ta ji! Yaro ya ce a rufe miki, kyauta zai yi miki, mu muna ta fama da bakinmu kamar mu fashe. Ba ke kika ce masa ba za ki iya nisa da Babanki ba? To ga shi ya saye filin bango ɗaya da ku. Ƙasa na uwarsa ne da ƙannensa, sama naki. Wannan da kike tsine wa safe da yamma, ɗakinki ne!"

Masu karatu, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Na sulale na zauna a kan yadin labulen. Farin ciki ya taso min, tsoro ya danne shi, kunya ta zo ta zauna a kansu duka. "Mara kan gado." Ni na rubuta, shi kuma ya ce amin.

Umma ta yi ƙasa da murya don kada Baba ya ji daga ɗaki. "Ki rufa min asiri, kada ki ɗaga masa maganar nan. Za a ce tun ba ki shiga ba kin fara kafa doka. Mu kashe firij ɗin, mu sha ruwan randa, da can da me muka rayu?"

"Umma, ba firij ba ne. Ko komai muka kashe ba zai kai ba."

"Allah zai kawo mafita."

Na san zai kawo. Amma na ɗauki wayata.

"Kana ina?"

"Shago. Lafiya?"

"Ka same ni a ginin mara kan gado."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can ya turo: "Gwaggo ko?"

Ya iso da farin yadi wanda bai dace da wurin siminti ba, yana murmushi har kunne. Ni kuwa na sake mayafi sau biyu kafin in fito, duk da cewa faɗa na zo yi. Ku bar ni, zuciya ba ta da ƙashi. Leburori suna wanke shebur, babban birkila ya gaishe shi ya kau da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Ashe har su sun san ni.

"Tunda an fasa ƙwan, zo ki gani," in ji shi. "Bi a hankali, matakalar ba ta da makari tukuna."

Ya riƙa nuna min da hannu kamar yaro ya samu sabon keke. Nan falo, nan kicin, nan zan sa miki tayil mai ruwan toka wanda ba ya nuna datti, nan wurin ajiye tsaninki don na san ba za ki rabu da shi ba. Sai ya ja ni gaban wani gurbi a katangar gabas.

"Wannan ce tagarki. Leƙa."

Na leƙa. Ga tsakar gidanmu a ƙasa, ga igiyar shanya, ga kujerar robar da Baba yake zama a ƙofar ɗakinsa, tiyon ya biyo shi daga ciki.

"Kina tashi da safe ki ɗaga labule, kin gan shi. In ya yi tari ma za ki ji."

Idona ya ciko. Wallahi ina son mutumin nan, ban taɓa jin son ya kai na wannan lokacin ba. Kuma a wannan lokacin ne dole na ce masa, "Ɗago idonka kaɗan. Dubi rufin."

Ya duba. Inuwar ta cinye faranti biyu, tana lasar na uku.

Na yi masa bayani. Ina magana fuskarsa tana sauka. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Innalillahi. Tun yaushe?"

"Talata."

"Kuma ba ki faɗa min ba?"

"Da na san kai ne?"

"Ni iska kawai na lissafa, da hanyar ruwa. Rana ko a raina ba ta zo ba." Ya shafa kansa. "Zan kawo janareta, babba, mara ƙara."

"Hayaƙin fa?"

Ya taka zuwa wancan bangon ya dawo, takalminsa ya yi furu-furu. Ni ma na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Sai ya ɗaga kai yana kallon sama, inda rufi zai zauna.

"Tsaya. In an rufa nan, wa zai tare masa rana?"

"Babu kowa. Ya fi tsohon benen can tsawo."

"To ki kwaso farantanki ki ɗora a nan. A ja kebul ya tsallaka katanga ya sauka falonku. Zai yiwu?"

Na auna da ido. Tazarar ba ta da yawa, kebul mai kauri zai ɗauka. Kafin a gama rufin ma ana iya kafa su a kan dekin ta ɓangaren da babu bango. Kuma a can sama tun hantsi za su fara sha, ba sai sun jira azahar ba.

"Zai yiwu," na ce. "Zai ma fi na da."

"To me ya rage? Gobe magina su ci gaba, ke kuma ki kawo mutanenki."

Na sauko matakalar nan kamar ba ni ce aka ce ta bi a hankali ba. Na faɗa falo ina haki, na zayyana musu. Umma ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Gwaggo ta tafa, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Kai, yaron nan ya iya! Shi ke nan, an gama da ke. Bakin nan naki mai kaifi ya mutu murus. Numfashin ubanki a kan rufin miji? Ko me ya yi miki sai ki haɗiye. In kika ce za ki yi yaji, ki ɗaga kai ki dubi kebul, ki koma ki zauna!"

Umma ma ta yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya sani, don a lokacin wasa na ɗauke shi. Babu wanda ya lura ƙofar ɗakin Baba a buɗe take.

Yau da safe na shirya da wuri. Na sa rigar aiki mai aljihuna, na ɗaure mayafi, na kira abokan aikina na ce su taho da kebul da mazaunin faranti. Ta bayan katanga ina jin shebur yana karta ƙasa, an fara kwaɓa siminti. Umma ta miƙo min shayi.

"Uwata."

Haka Baba yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Yana zaune bakin gado da farar singileti, tiyon a hancinsa, na'urar tana gurnaninta a gefe. Har yanzu akwai shuɗin fenti a gefen farcensa wanda sabulu ya kasa.

"Zauna."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Na ji abin da kuka shirya. Yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka." Ya tsaya ya ja iska. Baba ba ya iya doguwar magana a jere, sai ya yanka ta. "Amma kebul ɗin nan ba zai shigo gidana ba."

"Baba?"

"Kin ji ni."

"Baba, wasa Gwaggo take yi! Ka san bakinta."

"Na san bakinta. Na kuma san gaskiya in ta fito, ko daga bakin wa." Ya sake jan iska. "Aure zama ne, Uwata. Yau zuma, gobe maɗaci. Ina fata ku mutu tare. Amma in wata rana ya ɓata miki, ɓacin da ba a zama da shi, ina so ki yafa mayafinki ki taho gida. Ba tare da kin tsaya lissafin batir ba."

"Ba zai taɓa cire kebul ɗin ba, ko me ya faru. Na san shi."

"Ba shi nake tsoro ba. Ke nake tsoro. Ba sai ya cire ba. Ke ce za ki yi shiru, ki ce ai Baba. A zage ki, ki ce ai Baba. Ni ina nan ina shaƙar iska, ban san da me kike biya ba."

Hawaye suka zubo min. Na ce, "To da me za ka yi numfashi?"

"Da abin da Allah ya bar min."

"Ba zai kai ba, Baba! Ni na haɗa, na sani. In aka rufa benen nan ba zai kai ba."

"To ba zai kai ba."

Ya faɗe shi kamar yana faɗin launin mota. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa.

"Shi ke nan, zan ce masa ya tsayar da ginin."

"Kada ki kuskura." Muryarsa ta ɗaga har tari ya sarƙe shi. Na riƙe kafaɗarsa har ya lafa. "In babu saman nan, ina zai ajiye ki? Uwarsa ba za ta koma haya don ke ba, shi kuma ba zai bar ta ita kaɗai ba. Ki shiga dangi da sunan wadda ta rushe gini tun ba ta zo ba? Auren ne zai mutu." Ya kama hannuna. "Ban haife ki don ki zama batirina ba, Uwata. Ki je ki yi aurenki."

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Mai Tayil ne.

"Mutanenki sun iso da kebul, sun ce ke suke jira."

Na fito tsakar gida. Na rubuta masa: "Baba ya ce ba ya son kebul ɗin." Ya kira, na kashe. Ya sake kira, na kashe, don na san in na ji muryarsa kuka zan fashe da shi. Na tura masa dalilin a taƙaice, yadda Baba ya faɗa.

Ina jiran amsarsa. Na je bakin randa, na dawo. Na ɗaga kai, ga gurbin tagata can sama, birkila yana tsaye a ciki da cokalin gini a hannu yana kallon ƙasa.

Saƙon ya shigo: "Ban ji haushinsa ba. Da 'yata ce ni ma haka zan ce. Amma an kwaɓa siminti, kin san ba ya jira. Magina su hau ko su sauka? Abin da kika ce shi za a yi."

Gwaggo ta leƙo daga kicin. "Ke me kike tsaye kamar an dasa ki?"

Na dubi ƙofar ɗakin Baba, na dubi tagar. Na rubuta kalma biyu, na goge. Na sake rubuta su.

"Su sauka."

Ya karanta. Na ji muryarsa ta bayan katanga yana kiran birkila. Shebur ya tsaya. Wanda ke cikin tagar ya ajiye cokalinsa a kan bulo ya juya. Unguwar ta yi tsit irin wanda ban ji ba tun ranar da aka sauke yashi, har ina jin gurnanin na'ura daga cikin ɗaki.

Shirun ne ya tona ni. Labulen ɗakin Baba ya ɗaga, ya fito dafe da bango, ya zare tiyon daga hancinsa don bai kai inda yake son zuwa ba.

"Uwata, me kika yi?"

Ban buɗe baki ba aka yi sallama a ƙofar gida, muryar mace, a natse. Gwaggo ta leƙa, ta dawo da hannu a ƙirji.

"Mayar da tiyon nan, Yaya. Ke kuma goge fuskarki. Uwar yaron ce, kuma ta ce ba wurinmu ta zo ba, wurinki ta zo."